Likita, kunnena yana bugawa tare da zuciyata

Tambaya: Likita, wata biyu ke nan da na haihu. Da dare ina jin bugu a kunnen hagu, daidai da bugun zuciyata. A gida an ce iska ce. Daga wata mai jego a Funtuwa.

Amsa: Barka da sauka lafiya, Malama. Abin da kike ji ƙarar jini ce da ke bi ta jijiyoyin da ke dab da kunne. Idan jini ya yi ƙaranci yakan tsinke, zuciya ta ƙara gudu, sai kunne ya riƙa jiyo shi, musamman da dare da gari ya yi tsit. Ga mai jego ƙarancin jini nake fara zargi, sai hawan jini. Ki je a auna miki duka biyun. Kunun kanwa kuma a sassauta, domin gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, ya wahalar da zuciya. Idan akwai ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin ƙafa ko haki, kada ki kwana ba ki ga likita ba.

Tambaya: Mahaifinmu mai ciwon suga ne. Kunnensa na zubar da mugunya, ciwo ya hana shi barci. Muna ɗiga masa man zaitun. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ku dakatar da man nan. Ga dattijo mai ciwon suga, ciwon kunnen da ke tsananta da dare yana iya zama cutar da ta wuce fata ta kama ƙashi, har baki ya karkace. Sau da yawa kuma alama ce cewa sugan ya daɗe a sama. Ku kai shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ba kemis ba.

Tambaya: Ɗana ya warke daga sanƙarau, amma sai an yi ta kira kafin ya waiwayo. Taurin kai ne?

Amsa: Kada a dake shi, Hajiya. Sanƙarau kan taɓa can cikin kunne, haka ma zazzaɓin Lassa. A gwada jinsa cikin makonnin nan, domin jinkiri na rage abin da za a iya yi masa.

Tambaya: Na gani a Facebook wai tsaga a fatar ƙasan kunne alamar ciwon zuciya ce.

Amsa: Wani likitan Amurka, Sanders Frank, ya fara bayyana haka a 1973. Akwai alaƙa, amma tsufa ma kan kawo tsagar. Idan ta dame ka, Malam, a auna maka jini da suga da kitsen jini.