Me ya sa hasumiyar sabis take cin fandisho fiye da bene?

Tambaya: Salam Injiniya, barka da ƙoƙari. Na ga ana haƙa ramin hasumiyar sabis ta waya, zurfinsa ya shanye mutum har da saura, kuma kankaren da aka zuba ya fi na wani bene mai hawa biyu da na taɓa gani, alhali ita ƙarafa ne kawai iska ma na wucewa ta cikinsu. Ba ɓarnar siminti ba ce kuwa? Sannan falwaya ita ma akwai ƙa'idar zurfin binne ta ko da ido ake yi?

Amsa: Wa'alaikumussalam Malam. Ba ɓarna ba ce ko kaɗan, asali ma rashin nauyin nan da ka gani shi ne ya jawo mata wannan uban kankaren.

Shi gini matsalarsa nauyi ne, yana danna ƙasa, aikin fandisho kawai ya baza nauyin a fili mai faɗi yadda ƙasar za ta iya ɗauka ba tare da ta lotsa ba. Lissafin ba wuya a fahimta. A ce fila ɗaya, wato ginshiƙi, tana ɗauke da ton 40, ƙasar wurin kuma gwaji ya nuna tana ɗaukar ton 10 a kowace murabba'in mita, to kana buƙatar murabba'in mita 4, wato gindi mai mita 2 ta kowane gefe. In ƙasar mai ƙarfi ce tana ɗaukar ton 20, murabba'in mita 2 ya isa. Kuma shi wannan adadin da ake ba ka an riga an raba ainihin ƙarfin ƙasar gida uku an ba ka kashi ɗaya, saboda ƙasa ba ƙarfe ba ce da aka ƙera a masana'anta, nan da can kaɗan sai ta canja hali.

Hasumiya kuwa iska ce abokiyar gabarta. Ka lura da mutumin da ya tsaya cikin guguwa ya buɗe ƙafafu, ƙafar da ke bayan iska tana danna ƙasa, ta wajen iskar kuma tana neman ɗagawa, to haka ƙafafun hasumiya suke. Bari mu ƙaddara misali: tsawonta mita 50, ƙafa huɗu, tsakanin ƙafa da ƙafa mita 6, nauyinta gaba ɗaya ton 12, ka ga kowace ƙafa ton 3 ne kacal a kanta. Iska mai ƙarfi ta zo ta tura ta da ƙarfin ton 6, kuma tsakiyar turin yana wajen mita 30 daga ƙasa tunda eriyoyin duk a sama suke. Ka ninka ton 6 sau mita 30 ka raba da mita 6 na tsakanin ƙafafun, ton 30 ke nan ke fizgar ƙafafu biyu sama, kowace ton 15, in ka cire ton 3 na nauyinta saura ton 12 ba abin da ya riƙe su. In iskar ta biyo ta kusurwa ma ya fi muni, ƙafa ɗaya ce za ta sha fizgar da ta haura ton 20 ita kaɗai. Me zai hana ta tumɓukewa? Nauyin kankaren nan da ka gani, da ƙasar da aka mayar a kansa. Shi ya sa ake yin faffaɗan gindi can ƙasan rami, a fito da wuya siriri zuwa sama, duk ƙasar da ta zauna a kan faɗin nan ta zama nauyi kyauta. Kuma ba a yarda ya zama kunnen doki, ana so abin da ke riƙewa ya fi abin da ke fizga da aƙalla rabi, wasu ƙa'idojin ma ninki biyu suke nema.

Wani abu da mutane ba sa lura da shi, ƙarfin iska ba ya tafiya daidai da gudunta, in gudun ya ninka biyu turin ninkawa huɗu yake yi. Iskar da ke gudun mita 40 a daƙiƙa tana ɗora kusan kilo 100 a kan kowace murabba'in mita da ta tare ta. Wannan ne ya sa ni dai ba na jin daɗin ganin ana ta liƙa wa tsohuwar hasumiya sababbin eriyoyi da faranti ba tare da an sake lissafi ba, nauyin da aka ƙara ba komai ba ne amma faɗin da iska za ta kama ya ƙaru, fandishon kuma yana nan yadda aka bar shi.

Sai ruwa, a nan fa gizo ke saƙa. Kankare nauyinsa wajen ton 2.4 ne a kowace mita ta tsawo da faɗi da zurfi, amma in ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso ya rufe shi sai ya koma kamar 1.4, ƙasar da ke kansa ma haka take rage nauyi, ga shi kuma lokacin da ƙasa ta jiƙe shi ne lokacin da guguwa ta fi zuwa. Don haka mai lissafi na kirki da mafi munin yanayi yake aiki, ba da busasshen ramin da ya gani ranar haƙa ba.

Duk wannan kan gwajin ƙasa ya rataya. Wanda aka fi yi shi ne a huda rami a sa bututu, a riƙa sako masa guduma mai kilo 63.5 daga tsayin santimita 76 ana ƙirga bugu nawa zai shiga santimita 30. Bugu kaɗan ƙasa ce mai laushi, bugu da yawa mai tauri. Kwafar fandishon maƙwabci ba gwaji ba ne wallahi, shi nasa yana iya zama kan marmara kai naka ya faɗa tsohon kududdufin da aka cike da shara. Kuma abin da ke tsaga gini yawanci ba lotsawar ba ce kanta, lotsawar da ba ta zo daidai ba ce, gefe ɗaya ya riga ɗaya sauka. Hasumiyar Pisa ta Italiya da aka fara a 1173 fandishonta wajen mita 3 ne kawai kan laka mai laushi, tun ana ginin ta fara karkata, zuwa 1990 ta kai kusan digiri 5.5 aka rufe ta, sai da aka riƙa zare ƙasa kaɗan kaɗan daga ƙarƙashin gefen arewa ta ɗan miƙe sannan aka buɗe a 2001. In saman ƙasa ba shi da ƙarfi sai a koma shimfiɗar kankare guda ɗaya ƙarƙashin ginin duka, ko a saukar da turakun kankare can ƙasa. Burj Khalifa na Dubai mai mita 828 duka biyun aka haɗa masa, shimfiɗa mai kaurin mita 3.7 a kan turaku sama da 190.

Falwaya kuma eh akwai ƙa'ida. Wadda aka fi sani ita ce kashi 10 cikin ɗari na tsawonta a ƙara santimita 60, wato mai mita 10 a binne mita 1.6. Amma wannan na ƙasa mai kyau ne, a tabo ko rairayi mai zubewa dole a ƙara zurfi ko a zagaye gindin da kankare. Ita ba faɗin gindi ke riƙe ta ba, ƙasar da ke gefenta ce take tokare ta, don haka in aka yi cikon ramin da garaje ba a daddaɓe shi hawa hawa ba, kamar santimita 15 zuwa 20 a kowane hawa, ruwan farko za ka ga ta sunkuya ko da zurfin ya cika. Wadda ke kan kwana ko ƙarshen layi kuma wayoyi na jan ta gefe guda dare da rana, ita dole sai an ɗaure ta da wayar ja ta baya da aka kafe gindinta cikin ƙasa, in kuma ba fili a bayan sai a sa mata matokari ta gaba.