Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan ƙaramin injin zarton ado

Wa alaikumus salam, ƙanena na Marwa. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce yayanka ya aiko maka da ƙaramin injin zarton ado daga Duwala, irin wanda masu shago ke kira scie à chantourner, kana so ka fara yanka haruffan allon shago da adon kan gado. Amma inji na ta rawa a kan teburi, ruwan zarton, wato lam kamar yadda muke cewa, yana karyewa kamar tsinken tsintsiya, sannan kana tambaya ko za ka iya sakar wa yaron shagonka shi. Ni kafinta ne a Garwa, shekarata tara ina aiki da irin wannan injin, to bari in faɗa maka abin da hannuna ya sani.

Kafin mu je ga lam, fara da wuta, don a nan ne na sha wuya. Juya injin ka duba ɗan farantin ƙarfen da ke manne a bayansa ko a jikin motarsa, wato abin da ke juya shi. Wutarmu a Kamaru da Cadi 220 ce. In injin daga Turai ya fito za ka ga an rubuta 220 ko 230, babu damuwa. In kuwa daga Amurka aka kwaso shi, 110 ko 120 za ka gani, kuma wannan in ka soka shi kai tsaye ya ƙone ke nan, sai da taransifoma mai rage wuta. Tunda ka ce naka yana tashi, ina zaton na 220 ne, amma duk da haka ka duba. In mai saurin da ake ƙarawa da ragewa ne, akwai ɗan allon lantarki a cikinsa da ba ya son wutar da ke hawa da sauka, don haka ka haɗa shi da stabilaiza, musamman ranar da kake kan janareta. Wayar ƙasa kuma kada ka bari wani ya cire ta wai don bakin ya shiga soket. Jikin injin ƙarfe ne, kai kuma hannu biyu kake ɗora masa, ga gumi.

Yanzu ga gwajin da nake so ka yi yau ɗin nan. Kunna injin, bar shi yana aiki, ka zare wayar daga soket ba tare da ka taɓa makunni ba, sannan ka mayar. In bai tashi ba sai da ka sake danna makunni, ka yi sa'a, naka mai makunnin tsaro ne. In kuwa ya tashi da kansa, to ka san da wa kake zaune. Nawa na farko irin wannan ne. Wata rana da azahar a watan Afrilu, zafin Garwa na cin mutum, yarona yana yanka sai aka ɗauke wuta. Ya tashi ya tafi shan ruwa bai kashe makunni ba. Ni kuma na ce bari in yi amfani da wannan zaman in canja lam. Na sunkuya, hannun hagu a ƙarƙashin teburin injin ina ɗaure bakin ƙasa, babban yatsan dama a kan haƙoran ina daidaita shi, sai wuta ta dawo. Ban ma ji zafi ba da farko, ƙarar na ji, sai na ga jini a kan katako. Ɗinki uku aka yi mini, na yi kusan sati biyu ban riƙe guduma da kyau ba. Laifin ba na yaron ba ne kaɗai, ni ne babba, ni ne na sa hannu ban zare waya ba. Tun daga ranar, ko ɗan juya lam zan yi sai na ga kan wayar kwance a gabana a kan teburi. Kuma da an ɗauke wuta, abin da ake fara yi a shagona shi ne kashe makunni, kafin ma a yi tsaki.

Mutane na raina injin nan don ƙarami ne, kuma gaskiya a cikin injinan kafinta yana daga cikin masu sauƙin kai. Ba ya fizgar katako ya jefo maka kamar zarto mai faifai. Kusan keken ɗinki ne, lam na hawa da sauka kamar allura, kai kana juya aiki. To amma ka taɓa ganin telan da allura ta huda wa farce? Haka abin yake.

Rawar da ka ce yana yi, maganinta nauyi. Kada ka ajiye shi haka kawai a kan teburin aiki. A ƙafafunsa akwai huji, ka ɗaure shi da noti a kan katako mai kauri da nauyi, ka sa robar tsohuwar tayar mota tsakaninsa da katakon. Ni na yi masa teburi nasa na kansa mai ƙafa uku, saboda daɓen shagona ba daidai yake ba, kuma ƙafa uku ba ta gurgunta ko ina ka ajiye ta. A ƙasa na ɗora buhun yashi. Tsayin ya zama in ka zauna gwiwar hannunka na daidai da teburin injin, ba ka ɗaga kafaɗa ba. In bayan duk wannan yana rawa, rage sauri ka gani, don yawancinsu suna da wani sauri guda da suke haukacewa a kai, ka ɗan hau sama ko ka sauko sai su natsu.

Sai karyewar lam. Na farko, haƙoran su dubi ƙasa kuma su fuskance ka. Lam ɗin siriri ne, ido na ruɗuwa, don haka ka shafa yatsa a hankali daga ƙasa zuwa sama, bayan ka zare waya; in ya kama fatar, daidai yake. In ka sa shi a juye, maimakon ya danne katako a kan teburi sai ya riƙa ɗaga shi, katakon na buga teburi kaf-kaf-kaf. Na biyu, ɗauri. Wannan shi ne inda sabon hannu ke faɗuwa, don tsoron kada ya tsinke sai ya bar shi sakwa-sakwa, alhali sakwa-sakwan ne ke karya shi. Ka ja shi har in ka kaɗa shi da farce ya yi ƙara siririya mai tsabta kamar tsirkiyar gurmi. In ya yi "dum" bai ɗauru ba. In ka tura shi gefe da yatsa kada ya kauce fiye da milimita uku. Sabon lam yana zuwa da ɗan mai a jikinsa don kada ya yi tsatsa, shi ya sa yake suɓucewa daga maɗauri; goge bakin biyu da samfefa kafin ka ɗaura. In ka tashi aiki da yamma ka sassauta shi.

Lam ɗin kansa iri biyu ne, mai ɗan ƙusa a kowane baki da marar ƙusa, tsawonsu kusan santimita 13. Mai ƙusa ya fi sauƙin sawa, amma yana da kauri, kuma in za ka yanka cikin harafi sai ka yi huji mai faɗin kusan milimita biyar kafin ya wuce. Marar ƙusa huji ɗan mitsitsi ya ishe shi, shi ne na aikin ado na gaske. Duba wanda injinka ke karɓa, wasu na karɓar duka biyun. Marasa ƙusa suna da lamba, lamba na hawa lam na kauri. Ni ga filawud na milimita 4 zuwa 6 lamba 2 ko 3 nake sawa, ga katako na santimita ɗaya da rabi lamba 5, in ya kai santi biyu zuwa sama ko mai tauri ne, 7 ko 9. Akwai mai 'yan haƙora a ƙasa da suka juya sama, wannan yana hana bayan filawud yagewa, in ka samu ka saya. Akwai kuma murɗaɗɗe mai ci ta kowane gefe, wannan ka ƙyale shi tukuna, zai lalata maka hannu. A nan arewa ba kullum ake samun lam ba, ni sai in yi saƙo Duwala ko Yawunde a haɗo mini dozin-dozin, wani lokacin kuma 'yan kasuwar da ke shiga Najeriya su zo da shi. Kada ka saya ɗaya-ɗaya, abu ne mai ƙarewa. A katako mai tauri, rabin awa ma ya isa ya dakushe.

Amma babban abin da ke karya lam shi ne hannunka. Mu kafintoci mun saba da zarton hannu da ƙarfin damtse, sai mu zo wa injin nan da wannan halin. Shi kuwa ba ya son a tura shi. Aikin hannunka biyu ne kawai: danne katako ƙasa, da juya shi ya bi layi. Cin na lam ne. In ka ga lam ya lanƙwashe baya kamar baka, ka yi gaggawa, dakata ya dawo tsaye. In ka ji kana ƙara ƙarfi kafin ya ci, ko ka ji ƙauri, ya dakushe, canja shi. Dakusasshen lam ne ke kai yatsa ga haƙori, don kana turawa da ƙarfi sai katakon ya ƙare ko ya tsage, hannu ya wuce gaba. Shi ya sa nake cewa yatsunka su zauna a gefe da gefen layin, kada ko ɗaya ya tsaya a kan hanyar da lam ke tahowa. In abin da kake yankawa ƙarami ne, kada ka fara raba shi da babban katakon. Gama cikin, sannan ka yanke kewayen a ƙarshe, don ka sami wurin riƙewa. 'Yan guntayen da ke maƙalewa kusa da lam kuma, kashe inji ka ture su da fensir.

Za ka lura lam na son karkata gefe guda ko da ka miƙe katako sosai. Ba injinka ne ya lalace ba, yadda ake ƙera yawancin lam ne ke barin gefe ɗaya ya fi kaifi. Ɗan karkata katakon kaɗan har ya bi layi, bayan kwana biyu hannunka zai riƙa yi ba ka sani ba. Don ka tabbatar teburin a miƙe yake, ɗauki guntun katako mai kauri, ɗan yanka shi kaɗan, kashe inji, ka zagayo da shi bayan lam ka gwada shigar da bayan lam ɗin cikin yankan. In ya shige sumul, teburin daidai ne.

Ɗan ƙarfen nan mai kama da ƙafar keken ɗinki da ke danne katako, tsofaffin hannu da yawa suna cire shi wai yana tare musu gani. Kai kada ka cire. Saukar da shi ya ɗan taɓa saman katakon ba tare da ya matse ba.

Katako kuma, fara da ayus, yana da laushi kuma yana da araha a kan sauran da ake hauro da su daga kudu. Iroko da sapeli da maɗacinmu na gida ka bari sai hannu ya faɗa. In za ka yanka su, manna farin salatif mai faɗi a kan zanen, yana rage ƙonewar gefe. Katakon kudu da ɗanshinsa yake isowa, in ya haɗu da iskar hunturu sai ya kantare, kuma kantararren katako ba ya kwanciya a teburi, tsalle yake. Tsohon katakon akwati kuwa ka bincike shi da kyau, ƙusa ɗaya da ta ɓuya ta isa.

Abin da ban ɗauka da muhimmanci ba sai da na girma a aikin shi ne ƙura. Garin da injin nan ke fitarwa laushi gare shi kamar garin tuwo, kuma fuskarka na daf da shi awa da awanni. Ƙurar ayus da ta iroko an san suna jawo ciwon asma da ƙaiƙayin fata ga masu aikin katako, ta MDF, wato allon da ake matsewa daga garin katako, kuma ga gam a cikinta. Na yi wata shekara ina tari kowane dare ina ɗora wa hunturu laifi, ashe shagona ne. Rawani ko hankici a hanci ba ya tare wannan garin. Nemi takunkumi mai rubutun FFP2 a jikinsa. Ɗan bututun da ke hura iska a kan layi ka juya shi ya hura gefe, ba wajen fuskarka ba, ka kuma ajiye fanka a gefenka tana kora ƙurar waje. Tabarau dole ne, don lam in ya karye wani lokaci guntunsa na tashi. Safar hannu kuwa a'a, haƙori na kama zare ya ja yatsa. Hannun riga a naɗe, carbi a aljihu, kuma babbar riga ba ta aikin inji ba ce ko da Juma'a ce ka dawo daga masallaci kana sauri.

Batun yaronka. Ba ka faɗi shekarunsa ba. Ni wannan ne injin da nake fara ɗora yara a kai kafin kowane, amma ba ranar farko ba. Sati na farko kallo yake yi, yana share gari, yana koyon sa lam da cire shi waya a zare. Sannan in zana masa layi miƙaƙƙe a guntun filawud, sai mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, sai da'ira, a sauri mafi ƙasa, ina tsaye a kansa. Ba na barinsa shi kaɗai sai na ga ya karya lam a gabana bai firgita ya fizge hannu ba, ya kashe inji, ya zare waya da kansa ban ce masa komai ba. Wani yaron wata ɗaya ya isa, wani sai uku. In da hali ka sa wa injin makunnin ƙafa irin na tela, wanda da ka ɗaga ƙafa inji ya tsaya, wannan ya fi komai kwantar mini da hankali a kan yara.

Ka ɗauko hoton farantin bayan injin da na maɗaurin lam, sama da ƙasa, ka turo nan. In na gani zan gaya maka irin lam ɗin da za ka sa yayanka ya saya, kada ya yi asarar kuɗinsa a kan wanda ba zai shiga ba.