Tambayi Anti: Sabon gidan boga ya cika maƙil, naman kuma ja a ciki

Assalamu alaikum Anti, ina wuni, ya aiki ya zahi? Don Allah shawara nika so. Akwai wani sabon wurin cin abinci da anka buɗe nan cikin gari, boga da sanwic suka saidawa, ɗiyana sun dame ni tun da sunka gan shi a TikTok, to ranar Asabar bayan Magariba maigida ya kwashe mu munka tahi. Anti wurin ga ko inda za a aje mota babu, 'yan kabu-kabu masu kai oda gida sai shiga da hita sukai, munka yi oda munka zauna kusan awa guda, kuma da anka kawo na gutsura sai na ga tsakiyar naman ja-ja kamar bai ida dahuwa ba. Maigida ya ce haka Turawa ka cin shi, ni dai na hana ƙaramin ci. Sauran munka zuba a leda, munka biya gidan ƙanwarshi sai wajen sha ɗaya munka isa gida, Hajiya uwar mijina tana jin sunan hamboga ta ce wai "ham" naman alade ne a zubar. Da gaske ne? Kuma in koma ko in haƙura, don wallahi yara sun ji daɗin wurin.
Maman yara uku, Mabera

Wa alaikumus salam ƙanwata, lafiya lau, zafi kam sai godiya. Bari in fara da maganar Hajiya tunda ita ce babba kuma na san ita ta fi tsaya miki a rai.

Hajiya ba ta faɗi ƙarya ba, a Turanci "ham" cinyar alade ce da aka sarrafa da gishiri. Sai dai sunan hamboga ba daga nan ya fito ba, daga Hambog ne, wani babban birni mai tashar jiragen ruwa a arewacin Jamus, ta nan ɗimbin Jamusawa suka riƙa hawa jirgi zuwa Amurka a ƙarni na 19, kuma da sunan garin aka san wani niƙaƙƙen naman shanu da ake cuɗawa a soya, daga baya a can Amurka aka fara cusa shi a tsakiyar burodi. To asalinsa naman sa ne. Amma don Allah kar ki je ki tsaya gaban Hajiya kina gyara mata zance, ki faɗa wa maigida shi ya yi mata bayani cikin hira, ɗa da uwa sun fi fahimtar juna.

Kuma tsoron nata yana da wurin zama a ɓangaren sanwic. In kin ga an rubuta ham ko bekon ko feferoni ko sosej a jerin abincin, waɗannan a ƙasashen da suka fito yawanci da alade ake yinsu, a nan kuma akan samu na kaza ko na sa, to ki tambaya na mene ne, in zuciyarki ba ta kwanta ba ki ce a nuna miki ledar ko kwalin ki duba lambar NAFDAC da alamar halal. Wannan ba rashin kunya ba ne, haƙƙinki ne. Shi kuwa naman bogar, a gari irin Sakkwato da ke da kasuwar dabbobi ta Kara, ga kasuwar Achida ga ta Illela, mai wuri bai kamata ya yi in-ina ba in an tambaye shi wane mahauci ke kawo masa nama.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, jan naman nan. Kin yi daidai da kika hana yaro ci, Allah ya yi miki albarka. Gaskiya ne wasu Turawa na cin nama da ɗan ja a ciki, amma akwai bambanci babba tsakanin yankan nama guda da naman da aka niƙa. Ɗauki tsire ko balangu, ƙwayoyin cuta a bayan naman suke, wurin da wuƙa da hannu da tebur da ƙuda suka taɓa, kuma nan ne wuta ke fara ci, shi ya sa mai tsire ke gasawa mu ci mu kwana lafiya. To amma da zarar an zuba nama a injin niƙa, na waje ya koma ciki na ciki ya dawo waje, duk abin da ke bayansa ya bi ko'ina har tsakiya, don haka dole zafi ya ratsa har can. Masana lafiyar abinci sun ce tsakiyar niƙaƙƙen naman sa ya kai digiri 71, na kaza kuma 74. Mu da ba ma yawo da ma'aunin zafi abin da za mu iya shi ne mu raba shi biyu kafin a ba yaro, in akwai ja ko ruwan da ke fita yana da alamar jini, a mayar. Ba wai ina tsorata ki ba ne, amma a 1993 a Amurka boga da ba ta dahu ba a rassan wani kamfani ta jawo wa mutum sama da 700 rashin lafiya, yara 4 suka rasu, sanadin wata ƙwayar cuta da ake kira E. coli, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa don tana iya taɓa ƙoda. Tun daga lokacin ne can ma suka ƙara tsaurara doka kan niƙaƙƙen nama.

Me ke kawo haka a sabon wuri? Gaggawa. Oda ta taru, mai suya sabon hannu ne, manaja na tsaye a kansa, an ciro nama daga firiza da ƙanƙararsa an ɗora kan ƙarfe mai zafi, bayan ya yi baƙi kamar ya gasu alhali ciki ko ɗumi bai gama yi ba. In ya sake faruwa ki kira ma'aikacin a hankali ki ce ɗana duba wannan, a ƙara masa wuta ko a canza. Ba sai an ɗaga murya ba, yaran nan tun safe suke tsaye.

Sauran da kuka zo da shi a leda kuwa, ni ma da zubarwa zan ce, ba don alade ba, don lokacin da ya ɗauka. Ƙa'ida ita ce dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a waje ba firij, in zafin gari ya haura digiri 32 kuma awa 1 ce kacal, mu kuwa Sakkwato daga Maris zuwa Mayu 40 muke wucewa da rana, dare ma ba wani sauƙi, ga mota a rufe, ga bama da kabeji da latas a ciki waɗanda ba su ga wuta ba sam.

Ki koma mana. Ni ina son irin wuraren nan su tsaya da ƙafafunsu a garin nan, 'ya'yanmu ne ke samun aiki a ciki, kuma cikar wuri tana da nata amfanin don abinci ba ya kwana. Ki dai canza lokaci, Asabar bayan Magariba kowa da iyalinsa ya fito, ki gwada Talata ko Laraba tsakanin Azahar da La'asar, ko ki ba su 'yan makonni hannunsu ya faɗa. In kin shiga ki ɗan lura, mai karɓar kuɗi da POS shi ke taɓa burodi? Akwai ruwa da sabulu a wurin wanke hannu? In NEPA ta ɗauke janareto ko sola na kamawa nan take? Wannan na ƙarshen shi ke gaya miki halin da firizarsu ke ciki.

*

Anti barka da warhaka. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Danfodiyo, abokaina sun matsa mu je sabon wurin bogar nan, ni kuma gaskiya ban taɓa shiga irinsa ba, ban san sunayen abincin ba, ina tsoron in yi abin kunya ko kuɗina su kasa a gaban mutane.
Ɗalibi, Dundaye

Ƙanena kwantar da hankalinka, babu wanda aka haifa da sanin menu. Ka je kanta ka ce wanne ne na sa wanne ne na kaza, me da me ke ciki, nawa ne gaba ɗaya. Ka riƙe kalmar nan gaba ɗaya, saboda wasu wuraren sai a rasit suke ɗora harajin VAT, kashi 7.5 cikin ɗari ne tun 2020, wasu kuma har kuɗin robar tekawe daban, sannan in an ce maka a haɗa da cibs da lemo to kuɗi ne ya ƙaru, kana iya cewa a'a boga kaɗai da ruwa. Ka faɗa wa abokanka tun a hanya abin da ke aljihunka da kuma ko kowa zai biya nasa ne. Cin kuma da hannu ake yi, ka wanke hannu ka yi Bismillah ka kama da hannu ka ci, shi kansa sanwic sunan wani basaraken Ingila ne na ƙarni na 18 da aka ce yana sa a cusa masa nama tsakanin burodi biyu don ya ci ba tare da ya tashi daga tebur ba.

*

Anti Baba na da hawan jini amma ya ce sai an sayo mishi ya ɗanɗana abin da jikoki ka ta zance.
Wata ɗiya, Runjin Sambo

A sayo masa 'yar uwa, amma da dabara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum a yini kar ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, boga kuwa gishiri na cikin naman, yana cikin burodin, yana cikin ciz da miyar da ake shafawa, ga na cibs a sama. Ki ce a yi masa ta gasasshiyar kaza, ba ciz, miya kaɗan, a ƙara tumatir da albasa, a bar cibs ɗin da lemon kwalba. Ki raba biyu ya ci rabi tun da ɗuminta, kuma ya sha maganinsa yadda likita ya tsara masa. Ki gaishe min da Baba.