Saba ta yi nauyi, kana so ka kashe bincike?

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce tun da aka zuba sababbin rahotanni a SAP BusinessObjects, manhajar rahotannin kamfani, saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, take ja da ƙyar da hantsi, ma'aikata na ta kiranka wai rahoto ya ƙi buɗewa, da ka leƙa ka ga Platform Search, hidimar binciken takardu da ke cikin manhajar, ce ke shan memori, shi ne kake son ka kashe ta kowa ya huta.

Kada ka kashe ta. Kada kuma ka ruga wajen manya ka ce a sayo ƙarin memori, wato RAM, tun ba ka san abin da take yi da wanda ke hannunta ba.

Fara sanin aikinta tukuna. In mutum ya rubuta kalma a akwatin bincike, ba a lokacin ake bin rahotanni ɗaya bayan ɗaya ana nema ba. Tun kafin nan an riga an bi su, an tsinto kalmomin da ke ciki, an jera a fihirisa, kowace kalma da jerin takardun da take ciki. Lucene ce ke wannan aiki a ƙarƙashi, manhaja ce ta Java da ke hannun gidauniyar Apache. Binciken kansa ba shi da nauyi, ƙiftawar ido ne. Ginin fihirisar shi ne wahalar, kuma shi ne kake gani yana danne maka saba.

Shiga CMC, shafin da ake gudanar da manhajar daga shi, ka buɗe sashen manhajoji, ka danna saitin Platform Search. Abu na farko da za ka duba shi ne zurfin da aka ba ta. Mataki uku ne. Na farko sunan takarda kawai take ɗauka, da bayaninta, da kalmomin da aka liƙa mata. Na biyu ya ƙara da wanda ya rubuta da ranar da aka ƙirƙira ko aka gyara. Na uku kuwa duk abin da ke cikin rahoton take kwashewa, har rubutun jikin zane da jerin zaɓin da ke fitowa mutum ya zaɓa. Kamar mai tsaron sito ne: rubuta abin da ke jikin buhu daban, kwance bakin kowane buhu a zazzage a ƙirga daban. A mataki na uku dole sai an buɗe rahoton. Ke nan sai an ɗauko fayil daga ma'ajiyar fayiloli, an tambayi CMS, babbar sabar da ke riƙe da bayanan takardu da izinin kowa, in rahoton nau'in Web Intelligence ne an miƙa wa sabar da ke sarrafa shi, wato sabar nan da akanta yake jira ta buɗe masa rahoton ƙarshen wata. Ka ga inda cunkoson yake.

To, ga abin da nake so ka yi kafin ka taɓa komai. Tashi daga kujerarka ka je wajen masu amfani da abin, ka tsaya a bayansu ka ga me suke rubutawa a akwatin nan. Abin da na saba gani, sunan rahoto suke nema, "albashi", "bashin dillalai", domin sun manta foldar da yake. Mai irin wannan buƙata mataki na farko ya ishe shi. In ka samu wani sashe da da gaske yake neman lambar kwastoma a cikin rahotanni, to shi ne za ka yi wa tanadi, amma ba a ɗora wa kamfani gaba ɗaya wannan kaya saboda mutum uku ba. Akwai inda ake zaɓar irin takardun da za a bi: Web Intelligence, Crystal Reports, PDF, Word, Excel da sauransu. Cire waɗanda ba mai neman su. Manyan rahotannin da ke shaƙe ta kuma ana iya ware su da lambar shaidarsu, wato CUID, ta daina taɓa su.

Wani abu da yara ba sa lura da shi: mataki na uku na nufin abin da ke cikin rahoton albashi yana kwance a foldar fihirisa a kan faifai. Sakamakon bincike yana bin izinin kowane mutum, wannan gaskiya ne, amma foldar kanta kai ne za ka tsare ta. Duba wa ke iya shiga.

Sai lokaci. Ana iya barin ta tana bi ba dare ba rana, da an taɓa takarda ta ɗauka, ana kuma iya sa mata jadawali. Inda ake kukan nauyi da rana, jadawali nake zaɓa. Sai dai kada ka ce dare ne ka sa mata ƙarfe 12 ka tafi. Dare ma da masu shi: lokacin ake loda rumbun bayanai, lokacin rahotannin jadawali ke gudu, lokacin ake kwafin ajiya. Buɗe jadawalin duka ka nemo tazarar da ba kowa, ka kuma ƙayyade mata tsawon lokacin da za ta yi ta tsaya. Sannan ka gaya wa ma'aikata a fili cewa rahoton da aka ajiye yau sai gobe zai fito a bincike. In sun sani ba za su dame ka ba.

Rahotannin jadawalin nan ma ka sa musu ido. Kowane gudu yana haifar da kwafi, rahoto ɗaya mai gudu kullum ya tara 365 a shekara in ba a sa masa iyaka ba. Sa iyakar kwafi a kan folda. CMS za ta sarara, fihirisa ma haka.

Yanzu maganar memori. Platform Search tana zaune ne a cikin APS, wato sabar da ke ɗaukar hidimomi iri-iri na manhajar, kuma in an girka manhajar an bar ta yadda ta zo, hidimomi da yawa ne cunkushe a APS guda, suna cin memorin Java ɗaya. In bincike ya cika shi, Java ta tsaya share memorin, duk sauran sai su tsaya tare da ita, har wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Saboda haka ka ware mata APS nata ita kaɗai, ka ba ta nata kason a layin umarni, wurin da aka rubuta -Xmx. Tun sigar 4.1 akwai mataimakin saiti a CMC da ke taimakawa wajen rarraba APS, amma bayan ya gama ka bi da idonka ka ga me ya sa a ina. In sabobinku sun fi ɗaya, babbar fihirisa ta zauna a wurin da dukkansu ke gani. Sai bayan duk wannan, in har yanzu tana haki, za ka je neman RAM, kuma a lokacin kana da hujja a hannu.

Akwatin sake gina fihirisa da ke cikin saitin Platform Search kuwa, ka ji tsoronsa. Yana share ta gaba ɗaya a faro daga tushe, kuma a babban gida aikin na iya cin kwanaki. In ka sauya zurfi za ka buƙace shi, to ka bari sai yammacin ranar ƙarshe ta aiki a mako, ka sanar da mutane, ka riƙa leƙa adadin takardun da aka bi kana ganin yana hawa. In ya tsaya cak, buɗe jerin waɗanda suka gagara, galibi wani rahoto ne guda ya maƙale mata a wuya.

Kuma abu ɗaya-ɗaya za ka sauya. Rubuta yadda CPU da memori suke yau da ƙarfe 10 na safe, ka rage zurfin, ka sake aunawa a daidai wannan lokaci, sannan ka kawo mini alƙaluman mu duba tare kafin ka taɓa jadawali.