Littafin tarihin da ya dace da yaro

Malam, ka tambayi littafin tarihin da ɗanka mai shekara goma zai fara karantawa a nan Maiwurno, a ƙasar Sudan. A ganina, kada ka ɗora masa Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tukuna, domin Larabcinsa ya yi wa yaro nauyi, ko da yake nan gaba ba makawa sai ya karanta shi. Fara zaunar da shi gaban kakarsa bayan sallar isha'i, ta ba shi labarin yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, da yadda ɗansa ya jagoranci kakanninmu a hijira har bakin wannan kogi na Nilu. Daga nan ka nemo masa littafi mai zane da taswira. Ɗiyata da yatsa take bin hanyar hijirar, tana tambayata sunan kowane zango.