Godiyar Kaka a Shekarar da Rumbu Bai Cika Ba

Ɗana,

Saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka. Ka ce a zumuntar matasa wasu sun kafe a kan bana a fasa godiyar kaka, wato sujadar da muke kai amfanin gona coci bayan girbi: ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, taki ya fi ƙarfin talaka, ga labarin ɓarayin daji yana matsowa daga wajen iyakar Katsina, to godiyar me za a yi? Ka kuma tambaya ko kai dami coci ba maguzanci ba ne aka sa wa sabuwar riga. Bari in fara da ta biyun.

Kakanninmu sukan yanka kaza ko akuya saboda iskoki, don a bar musu gona da iyali lafiya. Ciniki ne: na ba ka, ka ƙyale ni. Tsoro ne tushensa. Namu kuwa daga Littafin Firistoci sura 23 ya fito, inda aka ce a kawo dami na nunan fari gaban Ubangiji, domin ƙasar da amfaninta duka nasa ne. Ba a sayen Allah da hatsi. Amma akwai inda kake da gaskiya. Duk ranar da mai wa'azi ya tsaya ya ce kawo tiya guda ka karɓi buhu baɗi, to ya komar da mu cinikin da muka baro, suna kawai ya sake. Irin wannan wa'azi yana kashe bangaskiya, domin wanda ya bayar bana, baɗi kuma fari ya sake zuwa, sai ya ce Allah ya cinye masa jari.

Batun fasawa kuma, ka buɗe musu Habakuk 3:17-18. Annabin ya lissafa hasararsa ɗaya bayan ɗaya: ɓaure bai yi toho ba, inabi da zaitun ba su yi 'ya'ya ba, gona ba ta ba da abinci ba, garke babu tumaki, turke babu shanu. Bai ɓoye komai ba, sai da ya gama ƙirga sannan ya ce duk da haka zai yi farin ciki da Allah mai cetonsa. Ka kuma duba Irmiya 32. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabi Irmiya kansa yana tsare, amma ya sayi gona a Anatot a hannun ɗan'uwansa Hanamel, shekel 17 na azurfa. Ya sa shaidu, ya sa aka adana takardun cikin tukunyar ƙasa don su daɗe. Ka lura da tukunyar nan. Begen da Littafi yake koyarwa yana tafiya da awo da shaidu da wurin ajiya. Jama'armu ta Karaye da Gani da Roni sun ratsa farin 1973, sun ratsa cutar gyaɗa ta 1975, na bakin kogin Haɗejiya sun ratsa ambaliyar 2022, ga ikkilisiyoyin nan suna sujada har yau.

Abin da matasanku ba su hango ba shi ne, godiyar kaka ita ce take cika rumbun ikkilisiya. A shekarar yalwa in an fasa, babu wanda zai kwana da yunwa. A irin wannan shekara in an fasa, gwauraye da marayu ne za su biya kuɗin fasawar a watan Agusta. Saboda haka a yi, amma a yi da tsari.

A sa rana bayan an yanke dawa, ƙarshen Nuwamba ko makon farko na Disamba. In aka yi da wuri, gero kaɗai ke hannu. In aka bari ta matso Kirsimeti, hatsi ya riga ya tafi kasuwa an ɗinka wa yara kaya, samari kuma sun fara fita cin rani. A sanar makonni uku kafin ranar, kuma dattijon da zai sanar ya faɗa da bakinsa cewa wanda ba shi da dami ya kawo tiya, wanda ba shi da tiya ya kawo kuɓewa busasshiya, kuka, kabewa, ƙwai, ko ya yi alkawarin yini guda na yaɓen rumbu. 2 Korintiyawa 8:12 ta riga ta yanke magana: ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Kada kowa ya ci bashi don ya fita kunya, kada kuma kowa ya taɓa irinsa.

Kada a karanta sunaye da yawan abin da kowa ya kawo. Wannan yana korar matalauta daga sujada, yana kuma shelanta wa duniya gidan da yake da hatsi. A shigo gida-gida ana waƙa, a ajiye gaban bagade, ma'aji da mutum biyu su ƙirga bayan an tashi.

Kuskure mafi tsada shi ne gwanjon kaya duka a ranar. Da kaka hatsi yake faɗuwa, da marka yake tashi. Wanda ya sayar a Disamba, sau da yawa da Yuli kuɗin nan ba za su saya masa yawan abin da ya sayar ba. A yi gwanjon abin da ba ya ajiyuwa: kaji, kabewa, dankali, rake. Gero da dawa da wake su zauna. Bayan an fitar da rabon fasto ko mai bishara yadda ikkilisiya ta saba, sauran a kasa uku: iri, taimako, da rance.

Iri shi ne na farko, kuma a nan zan daɗe. A zaɓi zangarniya masu cika, marasa zuzzuda da baƙin domana, daga gonar da ta jure farin bana, a ɗaure su daban a rataye ko a sa can saman rumbu. Tiya biyu ta gero takan shuka hekta guda, wato eka biyu da rabi. Dawa kuwa wajen tiya huɗu. A ninka wannan lissafi sau biyu, domin ruwan farko yakan yaudari mutane: a yi binne ko a shuka da saukar farko, ruwa ya ɗauke mako biyu, tsiro ya ƙone, sai an sake. Gidan da ya cinye irinsa da bazara ba ya sake shuka, shi ne yake faɗawa bashin da ake biya ninki da kaka, daga nan kuma sai jinginar da gona. Kafin damina a gwada irin: ƙwaya 20 cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa kwana biyar ana yayyafa ruwa. In ƙasa da 16 suka tsiro, a ƙara yawan ƙwaya a rami ko a nemi wani tun da sauran lokaci. Ba a buɗe kason iri don ci, ko wa ya roƙa. Wannan doka tana da zafi a baki, amma ita ce take tsare baɗi. Mutumin da cikinsa ke kuka ya bar iri a rataye, ya nuna da hannunsa cewa ya gaskata Farawa 8:22, inda Allah ya ce muddin duniya tana nan lokacin shuka da na girbi ba za su daina ba.

Ajiya kuma, abokan gabarta huɗu ne: laima, gara, ɓera, da ƙwaro. Hatsin da bai bushe ba kada ya shiga rumbu. A ciza ƙwaya; in ta fashe ƙaras ta bushe, in ta lotsa a mayar rana. Ko a sami kwalba busasshiya, a zuba hatsi zuwa sulusinta, a ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya, a rufe a girgiza, a bari kamar minti 15. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi. Gero a zangarniyarsa ya fi daɗewa a kan sussukakke, don haka kada a yi gaggawar sussuka. Rumbu ya hau kan duwatsu, a share tsohon hatsi tas kafin a zuba sabo, a liƙe tsaga, a zuba toka a gindinsa, a sake jinka kafin ruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan aikin matasa ne, ka ga inda za ku shigo.

Wake shi ya fi saurin lalacewa. A sa shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban sannan buhun waje, a ɗora kan katako nesa da bango. Rashin iska ne yake kashe ƙwaron, don haka huji ɗaya na ɓera ko yawan buɗewa ya ɓata aikin. Jarka mai murfi mai kyau ma tana yi, in an cika ta har wuya. Kada a zuba fiya-fiya ko wani maganin feshi a kan abin da mutane za su ci. Ƙwayar maganin hatsi mai fitar da iska kuma ba a sa ta a ɗakin da ake kwana ko wanda yake manne da shi. Iskarta tana kisa.

Rumbu ya kasance da kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin dattijo, ɗaya wurin shugabar zumuntar mata, littafin lissafi kuma wurin ma'aji. Ba don ana zargin kowa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma zargi a kan hatsi yana raba ikkilisiya fiye da tsanani daga waje. Duk wata uku a karanta wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita, ban da sunayen waɗanda suka karɓa.

Ga lissafin taimako. Buhu yana cin wajen tiya 40. Gida mai mutum shida yakan ci tiya guda a yini in ana lallaɓawa. Daga tsakiyar Yuli zuwa shigowar sabon gero a Satumba kusan kwana 50 ne, wato buhu guda da kwata ga gida ɗaya in za a ɗauke masa duka. Ikkilisiyar ƙauye ba ta iya wannan ga kowa, don haka a riƙa ba da tiya uku ko huɗu duk mako, cikon abin da suke da shi. In aka ba da buhu lokaci ɗaya, mai bin bashi yakan riga tukunya isa gare shi. Kada a buɗe wannan kaso kafin damina ta zauna, sai don mutuwa, gobara, ko waɗanda aka koro daga gidajensu. Mata su ne suka san gidan da hayaƙi bai tashi ba. A bi maganarsu. A kai da magariba, cikin rufin asiri. In maƙwabci Musulmi ne yake cikin wannan hali, a kai masa. Rijiya ɗaya muke sha, kuma Ubangiji bai ce a tambayi mai yunwa addininsa ba. Rance kuwa tiya a tiya ne, babu ƙari, a biya da kaka. Wanda gonarsa ta sake ƙi, dattawa su yafe masa a fili tsakaninsu, kada ya daina zuwa sujada don kunya.

Saboda halin da ake ciki, a yi taron da safe a watse kafin la'asar. Dattawa su sanar da mai unguwa da dagaci, su ma san da zaman. Kada a bar dammuna jibge a filin coci su kwana, kada kuma a ɗauki hoton tarin hatsi a sa a Facebook. Dogara ga Allah ba ta hana kulle ƙofa. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana.

Cikin sujadar kanta, a ba baƙin ciki wurinsa. Kafin waƙar godiya, dattijo ya ambaci waɗanda aka rasa a shekarar, da gonakin da suka ƙone, da waɗanda suke hannun miyagu, a yi addu'a dominsu ba tare da gaggawa ba. Wanda hawaye ya zo masa a bar shi. Daga nan a karanta Zabura 126, wadda take maganar mai fita da iri yana kuka, ya komo da dammuna yana murna, sannan a fara shigo da kaya. In aka tsallake wannan aka hau kiɗa kai tsaye, wanda ya yi hasara zai ji kamar an yi biki a kan kabarinsa, kuma ina jin abin da ya sa abokanka suke son a fasa ke nan. Ka gaya musu ba a ce su yi dariyar dole ba.

Ka je wurin dattawa kai da mutum biyu, cikin ladabi, ku ce matasa sun ɗauki yaɓen rumbu da jinka da zaɓen iri. Ku tafi da littafin rubutu sabo da kuɗin kwaɗo na biyu. Ka duba rumbun tun wannan mako, domin yaɓe yana son kwanaki kafin ya bushe. A gaida mahaifiyarka da ƙannenka.

Baffanka