Kada Ki Tumɓuke Attarugun Nan, Hajiya

Assalamu alaikum, Hajiya. Na karanta tambayarki cewa attarugun da kika dasa a bokitai a tsakar gida ya daina girma tun da sanyi ya kankama, furensa yana kakkaɓewa, har kina tunanin tumɓuke shi ki jira damina. Don Allah kada ki taɓa shi. Shekarata bakwai ina rainon barkono da attarugu a bayan ɗakina a nan Katsina, kuma abin da kika bayyana shi ne halinsu duk hunturu.

Attarugu ɗan ɗumi ne. Ya fi sakewa idan zafin rana yana tsakanin digiri 21 da 30, kuma da zarar sanyin dare ya yi ƙasa da 15 sai ya tsaya cik ya fara zubar da fure, alhali a Disamba da Janairu asubahinmu yakan sauka har 12 ko 13. A ƙasashe irin su Ingila da Kanada, inda ruwa ke daskarewa, dare guda ya isa ya kashe shi, shi ya sa suke shigar da tukwanensu ɗaki su ajiye kusa da taga. Mu Allah ya hutar da mu wannan. Sanyinmu yana sa shuka ta yi likimo ne kawai, kuma tana farfaɗowa.

Abin da ke kashe ta a wannan lokaci shi ne ruwan da muke ɗura mata saboda tausayi. A shekarata ta farko na ga ganye ya yi laushi, sai na riƙa kwarara masa ruwan randa kullum bayan magariba. Cikin mako uku bokiti biyar suka mutu, kuma da na zaro ɗaya na duba, saiwar ta yi baƙi ta ruɓe, tana wari kamar tsohon kwatami. Shukar da ta tsaya da girma ba ta shan ruwa sosai, don haka saiwarta takan kwana cikin laka mai sanyi. Yanzu sai da hantsi nake ba shi, bayan rana ta ɗan dumama ruwan, kuma sai na cusa yatsa cikin ƙasar na ji ta bushe zuwa gaɓa ta biyu. Ki kuma tabbatar gindin kowane bokiti yana da huji huɗu ko biyar.

Sai iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, rana kuma a waɗannan watanni ta karkata kudu, saboda haka ki jera bokitan a gindin katangar da za ta tare musu arewa, inda za su samu rana ta awa shida ko fiye. Katangar tana shan zafi da rana, ta riƙa sako musu shi da dare. Idan wurin a buɗe yake, ki kafa zana ko ki yi shinge da karan dawa, kamar yadda masu lambu a bakin madatsar Ajiwa da ta Jibiya suke kare yabanyarsu. Ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa, kuma sau ɗaya a mako ki yayyafa wa ganyen ruwa da safe don ki wanke masa ƙura.

Kin ce wasu ganyayen sun nannaɗe. Ki juya su ki duba bayansu, domin idan kika girgiza reshe kika ga ƙananan fararen ƙwari sun tashi, to farin ƙuda ne, kuma yana yaɗa cutar nannaɗewar ganye. Ni nakan daka 'ya'yan bedi in jiƙa su kwana, in tace, in ɗiga sabulu kaɗan, in fesa da yamma duk bayan kwana bakwai. Wanda ya riga ya ƙanƙance gaba ɗaya ya yi rawaya ba ya warkewa, gara a cire shi nesa da sauran.

Taki kuwa ki dakata da shi har ƙarshen Fabrairu. Idan kika ga sabon toho, ki datse busassun rassa, ki zuba kashin awaki wanda ya ruɓe sosai kamar cikin tafi biyu a kowane bokiti. Tsohuwar shuka mai kafaffiyar saiwa tana riga sabon dashe fure da makonni, wanda ke da muhimmanci a wurinmu, domin zafin Afrilu da ke haura digiri 38 shi ma yana kakkaɓe fure, kuma ana so 'ya'ya su ƙulla kafin ya iso. Ina da gindi biyu da suka shiga shekara ta uku, daga su nake miya.

Baɗi idan Allah ya kai mu, ki yafa iri a farkon Satumba, ki dasa a tsakiyar Oktoba, yadda sanyi zai tarar da shi ya yi ƙwari. Irin attarugu yakan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya tsiro ko da ɗumi, a cikin sanyi kuwa yana iya yin wata guda ko ya ruɓe a ƙasa.